Baturen da Ke Rataye a Falon Mamman

Tun da na dawo daga Doha ba a bar ni na sha shayi da daɗin rai a tasha ba. Duk wanda ya gan ni sai ya jawo benci: Sale, ya ƙasar take? Sale, da gaske ne har wurin jiran mota sun sa wa na'urar sanyi? Sale, ka ga Baturen? Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda na ba labarin, kafin ya kai bakin kasuwa ya ƙara masa abin da ban faɗa ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta da hannuna. A aji uku na sakandare na tsaya. Wanda ya ga kuskure a rubutuna ya gyara a ransa, ba jarrabawa na zo ci ba.

Ga wanda bai san mu ba, ni direba ne, Malumfashi zuwa Kano, tun ina da baƙin gashi. Mamman kuwa, wanda yanzu ake ce wa Dokta Muhammad, benci ɗaya muka zauna da shi a firamare, kuma ni nake yi masa lissafi. Ba fahariya ba ce, akwai sauran malamanmu da rai, a je a tambaya. Mahaifina ya rasu, na bar makaranta na kama karen mota. Shi kawunsa ya riƙe shi, ya wuce Zariya, ya wuce Ingila, ƙarshe ya zauna a Qatar yana koyarwa a wata jami'a. Ba likitan allura ba ne, ko ciwon kai bai iya warkarwa ba. Dokta ne na tattalin arziki, wato yana koya wa 'ya'yan masu arziki yadda arziki yake.

Da mahaifiyarsa Inna Hauwa ta kwanta ciwon ajali, a motata aka yi ta kai ta asibiti. Da ni aka saka ta a kabari. Shi sai bayan an share makoki ya iso, ya rungume ni yana kuka, ya ce, "Sale, dole ka zo ka ga inda nake." Na ɗauka maganar makoki ce. Sai ga biza da tikiti sun iso ta waya.

To, ga maganar Bature. Lokacin da Inna take da rai, ta wayata Mamman yake kiranta su ga juna. Duk kiran da zai yi, a bayansa, a bangon falo, akwai hoton wani dattijon Bature mai furfura, da baƙar kwat, da farin ƙyalle naɗe a wuya har haɓa, da littafi a hannu. Ku faɗa min, a wurinmu wa mutum yake ratayewa a falonsa? Ubansa, ko shehinsa, ko wanda ya ɗaga shi. Ni a nawa falon hoton marigayi Alhajin da ya fara miƙa min makullin mota ne. Ba mai rataye wanda bai ci arzikinsa ba. Don haka kowa a majalisarmu ya gama hukunci: wannan shi ne ubangidan Mamman, shi ya ɗauke shi ya dasa a ƙasar nan. Inna da kanta takan ɗaga hannu ta ce Allah ya shiryi Baturen nan, ya saka masa. Sau ɗaya na taɓa tambayar Mamman, ya yi dariya ya ce, "Bar wannan, Sale, labarinsa da tsawo." Na ce a raina, lallai, wanda ya samu rijiya ba ya son a san hanyarta.

Ni kuwa ina da bukata. Babban ɗana Nazifi ya gama difloma, ba aiki. Tuƙi ya fi ni hannu, wannan ni na faɗa. Sai na fara ganinsa da yaran da ke zancen bin Agadas a faɗa Libiya, kuma na san gidaje biyu a unguwarmu da har yau ba a san inda 'ya'yansu suka kwana ba. Na yi wa Mamman magana ba sau ɗaya ba, kullum amsa ɗaya: "Ba haka ake yi a nan ba." Sai na ƙudura a raina, in na je zan tsallake shi, in durƙusa gaban Baturen da kaina. Na sa aka ɗinka hula ta hannu, mai aikin gaske, na kintaci girman kan daga hoton waya. Na sayi kilishi da goran zuma farar saƙa.

Hanyar Kano a matsayin fasinja na bi ta, abin da ban yi ba shekara da shekaru. Wanda ya ja motar tsohon karen motata ne, kuma duk ramin da ke hanyar sai da ya gaisa da shi. Na yi shiru, don matafiyi ba ya faɗa da safe.

Jirgi bai burge ni ba. Abin da ya fi ci min rai, ka ba mutum ranka ba ka ga fuskarsa ba. Ni fasinja yana kallon ƙeyata, in na yi gyangyaɗi ya taɓa ni. Wannan an kulle shi a ɗaki, sai muryarsa kake ji ta rufi. Kusa da ni wata Hajiya ce 'yar Kano mai fataucin atamfa, ta ga ina kokawa da ɗamarar kujera ta ce, "Alhaji, ba tazugen wando ba ne, danna kawai za ka yi." Da aka kawo abinci na ɗauka ɗanɗano ne kafin na gaske ya zo. Hajiya ta ce shi ke nan. Ta buɗe jaka ta miƙo min dambun nama. Allah ya saka mata, ita kaɗai ce ta yi min abin kirki a sama.

A wurin shiga ƙasa ba mai yi maka tsawa, ba kuma mai yi maka murmushi. Aka ce in kalli wani ɗan gilashi, ya ɗauki ƙwayar idona, aka buga fasfo, aka ce yalla, wato wuce. Sai wajen duba kaya wani ma'aikaci ya zaro kilishina, ya ɗaga shi sama kamar ya tsinci tsohon takalmi. Na ce nama ne, na yi kukan saniya don ya gane. Ya gane kuwa, don nan take ya jefa shi a wata babbar leda, ya ce khalas, wato magana ta ƙare. Hajiya ta wuce ta gefena da dambunta a jakar hannu, ko kallonta ba a yi ba. Haka duniyar take min tun ina yaro. Zuma dai da hula suka tsira.

Da ƙofa ta buɗe na fito waje, sai na ji kamar na ɗaga bonet ɗin motar da ta tafasa na sa fuskata. Ga Mamman nan cikin farar jallabiya, ƙamshi na tashi. Ya girme ni da watanni, amma wanda ya gan mu tare zai ce ƙanen babansa ne ni. Fatarsa ta yi sumul, haƙoransa duk suna nan. Ya karɓi jakata ya sa a bayan wata jif da in a garinmu ne sai an tare hanya ana kallo. Sannan ya zauna ya riƙe sitiyari kamar mai riƙe da tukunya mai zafi, wata mata a cikin waya tana gaya masa inda zai karya kwana. Mota irin wannan, a hannun wanda bai san darajar giya ba. Na kalli taga don kada ya ga fuskata.

Gidansa a unguwar Al Gharrafa yake, bene, da katanga, da 'yar ciyawa da ake ba ruwa ya fi wanda muke sha tsafta. Matarsa Hajiya Safiya ta tarbe ni da mutunci, ba zan yi mata ƙarya ba. 'Ya'yansa biyu ne kacal, mace da namiji. Macen ta ɗan rusuna, namijin kuwa a tsaye ya miƙo min hannu kamar mun yi makaranta tare. Ɗakin da aka sauke ni ya fi falona da ɗakin yarana a haɗe. Na shiga alwala, na murɗa famfon da aka yi wa alamar sanyi, na tara hannu, na yi ihu. Ashe lokacin zafi a can, tankin da ke saman gida ne rana take dafawa, sai su kashe na'urar ɗumama ruwa su riƙa samun mai sanyi ta famfon zafi. Ƙasar da famfonta ma a juye yake.

Na fito falo, ga shi nan. Ya fi yadda nake gani a waya girma, an yi masa firam mai ruwan zinariya, har da 'yar fitila a samansa. A bayansa akwai jan labule. Fuskarsa ba ta mugu ba ce, irin ta mutumin da in ka kai masa kuka zai saurare ka. Na ji zuciyata ta kwanta. Na kuma duba kansa, na ga hular za ta shiga.

Daga nan aka fara yawo da ni. Mutum ba ya ce wa abokinsa kai tsaye kai ni wurin ubangidanka, sai dai ya kewaya. Kowace safiya sai in ce, "Yau ina za mu je gaisuwa?" Sai ya kai ni kasuwar gargajiya, ko bakin teku, ko wani kanti mai girman unguwa. Wata rana ya kai ni zauren maƙwabcinsa, wani Balaraben ƙasar. Aka kawo gahawa a ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar maganin shawara. Na shanye don kunya, na miƙa kofin, aka sake zubawa. Na shanye, na miƙa, aka sake. Zuciyata ta fara bugawa kamar injin da ya rasa mai. Sai da Mamman ya raɗa min cewa girgiza kofin ake yi in an ƙoshi. Na ce me ya hana ka faɗa tun farko? Ya ce ya manta ban sani ba. Abubuwa da yawa ya manta.

A matsayina na direba, abin da ya fi ɗaure min kai bas ɗinsu ne. Na gani da idona a unguwar Al-Sadd, bas mai ɗaukar jama'ar masallaci guda, ta tashi da mutum uku. Ba kwandasta, ba mai kiran lodi, ba a jira ta cika. Lokaci ya yi, ta tafi. Ga titi kamar an goge shi da dutsen guga, ba mai danna hon, ba mai yin ribas a kan babbar hanya, ba don tsoron Allah ya fi namu ba, don kyamara tana kowace kusurwa. Na tuna Nazifi. Na ce yaron da ya iya kauce wa ramukan hanyarmu da daddare da fitila ɗaya, in aka ba shi wannan titin ai hutu ya zo.

A ƙofar wani kanti na ji mai gadi yana waya da Hausa. Sunansa Haruna, mutumin Gumel. Ya gayyace ni inda suke kwana a Ain Khaled ranar hutunsa, na je. Ɗaki ɗaya, gadaje wani kan wani, takalma a jere a bakin ƙofa, amma nan na fara cin abincin da ya zauna min a ciki: tuwon semo da miyar kuka, har da daddawa da wani ya ɓoyo a cikin safa.

"Baba, a nan ba ka motsi sai da kafil," in ji Haruna. "Shi ne wanda sunanka yake ƙarƙashinsa. Shi ya kawo ka, shi ya san da kai."

"Har manya irin su Dokta?"

"Kowa da nasa. Nasu dai ya fi namu taushi."

Na fito da waya na nuna musu hoton da na ɗauka a ɓoye. Ta zagaya hannu-hannu. Wani ya ce ya yi kama da manajan otal ɗin da ya taɓa yi wa gadi. Wani ya ce, "Kai, wannan kayan nasa ai na manyan gaske ne, irin waɗanda ba sa fitowa rana." Haruna ya ce, "Mu dai ba mu taɓa ganinsa ba. Amma su Dokta ma sai sallah muke ganinsu, balle wanda ya fi su." Na ga ƙafafun yaran nan sun kumbura da tsayuwa, na ga yadda suke kallon hotunan 'ya'yansu a waya. Duk da haka na ce ya fi hamada.

Tafiyata ta matso, ba a kai ni ko'ina ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Mamman ya tara baƙi cin abinci, wani Injiniya Bashir mutumin Zariya mai aiki a kamfanin gas, da wani likita na gaske mai suna Aminu. Aka kawo shinkafa da naman rago a faranti kamar murfin rijiya. Suna ci suna zancen makarantun yara da hutun da za su je Turkiyya, rabi Hausa rabi Turanci. Ba wanda ya tambaye ni komai sai ko hanyar Funtuwa ta gyaru. Na ce a raina yau ko a yi ta ko a fasa. Na tashi na ɗauko hula a ledarta da goran zuma, na ajiye a gaban Mamman.

"Wannan fa?" ya ce.

"Ba naka ba ne. Na maigida ne." Na nuna bango. "Mamman, a gaban shaidu nake roƙonka. Ka kai ni in gaishe shi. Ba sai ka sa baki ba, ni zan yi maganata, kai ka fassara kawai. Ɗana nake nema wa abin yi, ba kujerarka nake so ba."

Injiniya ya kalli bango, ya kalle ni. "Malam Sale, wane maigidan?"

"Wanda ya kawo shi ƙasar nan mana."

Injiniya ya tuntsire da dariya har shinkafa ta sarƙe shi. Likita ya sa hannu ya rufe baki. Mamman bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi min zafi, don kallon tausayi ya yi min.

"Sale, mutumin nan ya mutu."

"Ashsha! Yaushe? Shi ne ba ka faɗa ba? To wa ya gaje shi a cikin 'ya'yansa?"

"Tun kafin Turawa su ci ƙasar Hausa ya mutu. Ban taɓa ganinsa ba. Kakana ma bai gan shi ba."

"To me yake yi a bangonka?"

Hajiya Safiya ce ta amsa daga bakin ƙofa, da tiren shayi a hannu. "Baban Nazifi, wallahi ni na yi odarsa ta waya. Bangon ne ya yi fili da yawa, na ce ya nuna min mutanen da ke cikin littattafansa in zaɓi ɗaya. Sai na ga jan labulen bayan wannan ya dace da kujerunmu."

Kujeru. Shekara da shekaru muna zaune a tasha muna yi wa mutum kirari, ashe don kujeru aka rataye shi.

Injiniya yana share hawaye ya ce, "Dokta, gaya masa abin da mutumin ya faɗa mana. Malam Sale, 'ya'ya nawa gare ka?"

"Tara."

"Khalas! Da ka same shi da rai ma, da korarka zai yi."

"Bashir, bar maganar nan," in ji Mamman.

Na ce ba za a bar ta ba, tunda an fara sai an ƙarasa. Ya yi ajiyar zuciya, ya gyara zama kamar yana gaban ɗalibai.

"Limamin coci ne a Ingila, kuma mai nazarin arzikin ƙasa. Cewa ya yi mutane ninkuwa suke yi, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, amma abin da gona take bayarwa kaɗan-kaɗan yake ƙaruwa. Don haka in mutane ba su jinkirta aure sun rage haihuwa ba, musamman talakawa, to yunwa da cuta da yaƙi ne za su rage su har lissafi ya daidaita. Ni ma ban yarda da shi duka ba. Ina koyar da shi ne don yara su ga inda ya yi daidai da inda ya kuskure."

Na ture farantin gabana.

"Injiniya, tara na ce maka. Goma sha ɗaya aka haifa min. Maryam ƙyanda ce ta ɗauke ta. Sadiƙu zazzaɓi. A hannuna na kai su maƙabarta, a naɗe a tabarma, don ba su kai girman makara ba. Wato su ne aka rage don lissafi ya daidaita?"

Ba wanda ya ƙara taɓa cokali.

"Tun da na sauka ƙasar nan nake kallo. Wa ke gadi? Wa ke shara? Wa ya hau benayen nan da rana ya gina su? 'Ya'yan waɗanda suka haihu da yawa ne, daga wurinmu, daga Indiya, daga ko'ina. In da iyayensu sun bi maganar wannan mai ƙyallen wuya, da ku za ku tsaya a ƙofar kanti kuna buɗe wa kanku."

"Sale, ba ni na faɗa ba," in ji Mamman a hankali.

"Kai ka rataye shi. Har ka kunna masa fitila. Inna Hauwa bakwai ta haifa, kai ne na shida. In da ta tsaya a biyu kamar yadda ka tsaya, da wa zai zauna a kujerar nan? Kuma a gabana ta ɗaga hannu ta yi wa mutumin nan addu'a, kana kallo, ba ka ce mata komai ba."

Na saka takalmi na fita. Fushi ya ce in yi ta tafiya har teku, rana ta ce ƙarya nake. Ban yi nisa ba na faɗa wata rumfar jiran bas ta gilashi, mai sanyi a ciki. E, ga amsar tambayarku, da gaske ne. Na zauna ni kaɗai, bas tana zuwa ba kowa, tana tafiya ba kowa.

Wajen la'asar jif ta tsaya. Ya buɗe min ƙofa, na shiga don ba ni da wurin zuwa. Mamman ya ja mota.

"Ba ni da Bature, Sale," ya ce. "Takarda na cike, aka ƙi ni, na sake, aka ƙi ni, har aka gaji aka ɗauke ni. Jami'ar ce kafil ɗina. Ranar da ba su sabunta min ba, zan tattara in dawo Malumfashi. Ko tubali ɗaya na gidan can ba nawa ba ne."

Ya yi tsammanin zan tausaya masa. Mutumin da ke ba ciyawa ruwa.

"Kamfanoni ba na da hannu a cikinsu, ba ƙarya nake maka ba," ya ci gaba. "Amma doka ta yarda min in kawo direban gida da sunana. Ya kai yara makaranta, ya kai Safiya aiki, ya kai ni. Da yamma in yana so ya yi karatu, zan tsaya masa. Tun rasuwar Inna nake so in faɗa maka, na kasa."

"Me ya hana ka?"

"Na san ka. Za ka ce na mai da ɗanka yarona."

"Haka ɗin ne kuwa."

"Haka ne," ya ce. Bai musa ba, ko don ya faranta min.

Daidai nan ya tsallaka layi ba sigina, wata motar ɗaukar kaya ta kusa kwashe mana gefe. Na ce masa, "Kai dai kana bukatar direba, wannan ba taimako ba ne, ceton rai ne." Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Ina tunanin yaron da nake yi wa lissafi a ƙarƙashin benci, yau shi ne ɗana zai zagaya ya buɗe wa ƙofa. Na nemi wata hanya a kaina, na juya ta ko'ina, ban ga komai ba sai hanyar Agadas. Kafin mu kai gida na ce masa ya fara takardu.

Washegari na tarar Hajiya Safiya ta sauke hoton ta jingina shi yana kallon bango. Na ce ta mayar da abinta, kada a ce na zo gidan mutane na ci abincinsu na kuma sauke musu kayan ado. Ranar da zan taho Mamman ya raka ni filin jirgi da hular a kansa. Ta zauna masa daram kamar an gwada. Ban ce ta yi kyau ba.

Da na iso gida na faɗa, mai ɗakina ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo. Nazifi ya durƙusa ya riƙe ƙafata, fuskarsa ta yi wani haske da ban taɓa jawo mata ba duk shekarun da na yi ina ciyar da shi. Na ji daɗi, na kuma ji zafi, duka a lokaci ɗaya.

Yanzu kullum in na sauke lodin ƙarshe sai in ba shi makulli mu fita hanyar Kafur, ina koya masa tuƙin can: cire hannu daga hon, tsaya a layinka, ba sigina ko da ba kowa a bayanka. Shekaranjiya muna cikin haka wayarsa ta yi ƙara, ya faka ya duba, ya juyo yana washe baki.

"Baba Mamman ne. Ya ce takardun sun kusa fitowa."

"Wa ka ce?"

"Baba Mamman."

Na miƙa hannu na kashe motar.

"Saurara, Nazifi. Aiki za ka je yi. Ka riga shi tashi, ka wanke masa mota, ka ɗaukar masa jaka. In ya yi maka faɗa ka sunkuyar da kai, ko kai ne da gaskiya. Kada ka ci amanarsa ko da ta ƙwayar dabino ce, don ya yi mana abin da ni na kasa yi maka. Amma Dokta za ka riƙa ce masa."

"Ai tun ina ƙarami Baba nake ce masa."

"Da can ba ya ciyar da kai. Karatu nasa ne, gida nasa ne, mota tasa ce, yanzu kai ma sunanka zai koma ƙarƙashin nasa. Wannan guda ɗayan, sunan Baba, ka bar min."

Ya ajiye wayar. Sannan ya ce, "To, Baba."

Na ce ya tayar da mota, ya ba da sigina kafin ya hau titi.